Na Bakwai Yana Nan

Mijina direba ne, kuma in ka cire tuƙi da shan shayi mai sukari da yawa, ban san wani abu da ya ƙware a kai ba. Shi ne mutumin da gwamnati ta tsayar a gaban kotu ta ce ya halatta kuɗin haram. Ubangidansa ne ya karɓi katin shaidarsa wata rana, wai za a yi masa inshora. Ashe kamfani aka buɗe da sunansa, aka yi masa asusu a banki, kuɗi suka riƙa shiga suna fita ta kansa, shi kuwa yana can bakin ƙofa yana goge gilashin mota. Kafin asiri ya tonu ubangidan ya bar ƙasar. Mijina ne ma ya kai shi filin jirgi, har da riƙe masa jaka da yi masa addu'ar sauka lafiya.

Su bakwai aka haɗa a ƙarar. Shida masu tumbi ne, masu turare, lauyoyinsu har gogayya suke yi wajen riƙe musu ƙofa. Mijina ne na ƙarshe, kuma da yake magatakardan kotun ba ya son wahalar da bakinsa, da lamba yake kiransu. Tun daga ranar farko sunan mijina ya koma Na Bakwai.

An ba da beli, kada in yi wa kotu ƙarya. Alƙali ya ce kowannensu ya kawo manyan ma'aikatan gwamnati biyu masu gidaje a unguwar manya su tsaya masa, sannan ya ajiye fasfonsa. Shidan nan kafin la'asar sun koma gidajensu. Mu kuwa babban ma'aikacin da muka sani shi ne mai karanta mitar wuta, fasfo kuma sai dai mu gani a hannun mutane. Aka saka mijina a motar gidan yari, ya leƙo ta 'yar tagar nan mai raga ya ce in kula da yara, ba zai daɗe ba.

Lauyanmu na taimakon marasa ƙarfi ne, siririn mutum mai jaka ɓararriya, kullum a guje kamar an biyo shi. Ya shigar da roƙo a sassauta sharuɗɗan belin. Daga nan na fara koyon abin da ake kira ɗagewa. Dokar zaman ita ce sai an ga duk bakwai ɗin a tsaye kafin a taɓa komai. Yau Na Biyu ya tafi ganin likita, gobe Na Biyar yana da rasuwa, jibi lauyan gwamnati bai gama haɗa shaidu ba. Aka canja alƙali, sabon ya ce a faro daga farko. Ni tela ce, kowace ranar zama sai in rufe keken ɗinkina in je in zauna a benci na baya, kusa da tagar da gilashinta ya fashe, in saurari mutum ya buɗe baki ya jefa mu wata uku gaba ba tare da ya ɗaga kai ba. Na tsani wannan ɗakin. Na tsani fankarsa mai juyawa kamar ba ta so, da warin tsohuwar takarda, da yadda kowa ke sunkuyawa yana godiya bayan an cuce shi.

Da farko ina ganinsa ranar ziyara, ta bayan ragar waya, muna ɗaga murya cikin hayaniyar mutane. Sai tari ya kama shi. Wata ranar ziyara gandiroban ƙofa ya ce an mayar da shi ɗakin marasa lafiya, kuma can ba a shiga saboda cutar tana yaɗuwa. Abinci dai suna karɓa ta taga. Ina miƙa kwano, mako na zagayowa a miƙo mini shi a wanke, a ce, “Ya ce a gaishe ki da yara.”

Zaman da ya biyo baya aka shigo da fursunoni ta ƙofar gefe, na miƙe ina leƙe, ban gan shi ba. Na san in babu shi yau ma an tashi ke nan. Magatakarda ya fara kira. Na ɗaya, yana nan. Na biyu, yana nan. Har ya kai ƙarshe.

“Na bakwai.”

“Ina nan, ya mai shari'a.”

Wani dogon mutum ne ya amsa, an aske masa kai ƙwal, wuyansa kamar na tulu. Rigar mijina ce a jikinsa, ruwan toka, wadda na ɗinka da hannuna, hannuwan sun tsaya masa can sama da wuyan hannu. Ban taɓa ganinsa ba a duniya. Alƙali ya rubuta, lauyan gwamnati ya gyara tabarau, babu wanda ya ko kalli inda yake. Shi kuwa ya juyo a hankali, bai duba ko'ina ba sai benci na baya kusa da fasasshiyar taga, ya sauke idonsa a kaina kamar ya san nan zai same ni. Ya ɗan sunkuyar da kai, irin gaisuwar da mijina ke yi mini daga nesa. 

Ana tashi na cafke hannun rigar lauya a baranda.

“Barista, wancan ba mijina ba ne.”

Ya ja ni gefe yana waige-waige. “Madam, rage murya.”

“In rage murya? An sa wa wani ƙato rigar mijina an tsayar da shi, ka ce in rage murya?”

“Ki saurare ni. Mijinki yana kwance, ba zai iya hawa mota ba. In aka rubuta ba a kawo shi ba, zaman ya rushe, roƙon belinmu ya sake komawa baya. Su ma manyan ba sa son haka, gandirobobi ma ba sa so a ce sun kasa kawo mutum. Sai su ɗauko wani daga cikin waɗanda ba su da ranar zama a kotu, ya amsa, a wuce wurin. Ana yi. Ba yau aka fara ba.”

“To in na tashi na faɗa wa alƙali fa?”

“Sai a soke duk abin da aka yi, a kafa bincike, a ajiye maganar beli sai an gama. Kin ga binciken da aka taɓa gamawa a ginin nan? Ki yi haƙuri a ba da belin. Sunan mijinki za a rubuta, mijinki za a buɗe wa ƙofa.”

Maganar ta zauna, don ban sami inda zan kama ta ba. Na koma gida na faɗa wa Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, mai shagon kayan gini. Ya biyo ni zama na gaba, ya ƙura wa mutumin ido, ya ce, “Anya kuwa ba shi ba ne? Kin san gidan yari yana canja mutum.”

“Yaya, na san yana ramar da mutum. Ban taɓa jin yana ƙara masa tsawo ba.”

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Haka muka ci gaba. Kowane zama dogon nan ne ke amsawa, kuma kowane zama sai na ga wani abu na mijina ya ƙaru a jikinsa. Mijina yana da wata ɗabi'a, in ya gaji da tsayuwa sai ya riƙa murza babban yatsansa a kan na kusa da shi, kamar yana juya makulli. Na ga dogon yana yi. Yana gyaran murya sau biyu kafin ya yi magana, shi ma haka. Wata rana da aka zo wucewa da su ta gabana, ya rage tafiya ya ce ƙasa-ƙasa, “Haƙorin auta ya fito?” Gandiroba ya tura shi gaba kafin in haɗiye yawu. Na tsaya a barandar nan ina jin tsoro da murna a haɗe. Na ce wa kaina ai mijina ne ya aiko shi ya tambaya, ke nan yana nan, yana tunaninmu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda kowa ya saba da shi. Lauyanmu ya fara tsayawa yana yi masa raɗa a kunne kamar yadda lauya ke yi wa wanda yake karewa. Na Uku, wanda mijina ya sha ɗauka a mota, ya miƙa masa hannu ya ce, “Direba, ya jiki?” Har ni, Allah ya sani, akwai ranar da na zauna gaban keke ina son in tuno fuskar mijina, sai fuskar dogon ta riƙa shigowa. Sai da na tashi na ɗauko hotonmu na jingina shi a jikin kwalbar man keke.

Damina ta zo ta wuce. Kwano yana tafiya yana dawowa a wanke. Na roƙi gandiroban taga ya bar ni ko daga nesa in hango shi, ya ce likita ya hana. Na ce to ya karɓo mini ko kalma biyu da hannunsa, ya ce marasa lafiya ba a ba su biro. Na zage shi a zuciya, a baki kuma na ce na gode.

Sai ga shi wata safiya, ba zato, duk bakwai sun hallara, lauyan gwamnati bai kawo uzuri ba, alƙali kuma da alama ya karya kumallo da kyau. Cikin ɗan lokaci ya sassauta belin: ɗan'uwa ɗaya mai gida ya isa. Ban san lokacin da na durƙusa a tsakanin benci da benci ba. Yaya ya kawo takardun gidansa, gidan da ya tara da gumi, inda iyalinsa da tsohuwarmu suke. An yi masa bayani dalla-dalla: duk ranar zama shi zai kawo Na Bakwai, in kuwa aka kira ba a gan shi ba, gida ya tafi, shi ma a tsare shi. Yaya ya ce ya ji, ya sa hannu.

Washegari da hantsi muka je ƙofar gidan yari. Na yi wa yara wanka na bar su wurin maƙwabciya, na gyara ɗaki, na sa turare. An shigar da Yaya ofis ya sake sa hannu cewa ya karɓi mutuminsa, ni aka bar ni a waje cikin rana. Can ƙaramar ƙofar da ke jikin babbar ta buɗe. Yaya ya fito fuskarsa kamar an watsa masa toka. A bayansa dogon ne, riƙe da leda baƙa, yana ƙyafta ido saboda haske.

Na leƙa bayansu. Ƙofar ta rufe.

Na ruga na dinga dukan ƙarfen da tafin hannu har wani babban gandiroba ya buɗe 'yar taga.

“Ina mijina?”

“Ga shi nan a bayanki, Hajiya.”

“Wallahi ba shi ba ne, kai ma ka san ba shi ba ne!”

“Shi muke kai wa kotu, shi kotu ta sani, shi kotu ta ba beli. Kina zaune a kotun ai, ba mu ji kin ce komai ba. Mai tsaya masa ya sa hannu ya karɓa.” Ya ja tagar ya rufe.

Dogon ya matso, bai kai kusa da ni ba ya tsaya. “Uwargida, mu bar bakin ƙofar nan. Zan faɗa miki komai, amma ba a nan ba.”

Muka zauna a bencin wani mai faci a gefen titi, shi a can ƙarshe, ledarsa a kan cinya. Ya ce a ciki Tsohon Gida ake kiransa, don babu wanda ya riga shi shiga cikin waɗanda ke jiran shari'a. An kama shi a wani samame tun yana da sauran ƙuruciya, fayil ɗinsa ya ɓace, ba a taɓa kiransa kotu ba, babu kuma mai zuwa wurinsa. Tabarmarsa tana kusa da ta mijina.

“Shi ya roƙe ni,” in ji shi. “Ya ce, Tsohon Gida, ka je ka amsa mini, kada ranar nan ta wuce. Ya ba ni rigarsa. Ya faɗa mini inda kike zama. In na dawo sai ya sa ni in faɗa masa kalar mayafinki, da ko kin rame. Ba shi da hira sai taku. Har na san ɗakinku kamar na taɓa shiga.”

“Yana ina?”

Ya murza babban yatsansa a kan na kusa da shi. Na ce ya daina, da tsawa, har mai faci ya ɗago.

“Ya rasu, uwargida. Tun farkon damina. A hannuna.”

Yaya ya yi salati. Ni kuwa kunnuwana ne suka toshe, ina ganin motoci suna wucewa babu ƙara.

“Mutumin babbar shari'a in ya mutu a hannunsu, akwai tambaya, akwai 'yan jarida,” ya ci gaba. “Ni kuwa in na mutu babu mai tambaya. Sai suka rubuta ni ne na mutu. Suka kira ni ofis suka ce daga yau kai ne Na Bakwai, in ka buɗe baki ka san sauran. Abincinki ni nake ci tun lokacin. Ki yafe mini. Na so in faɗa miki a kotu, hannun gandiroba yana bayana. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ma ina son in fito.”

Na miƙe na ce kotu zan tafi, yanzu, in tsaya a tsakiyar ɗakin in yi ihu har alƙali ya fito. Yaya ya riƙe mini mayafi. Tun muna yara ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

“Ƙanwata, ki rufa mini asiri. Na sa hannu sau biyu. In kika ce wannan ba shi ba ne, za su ce to ina wanda na karɓa? Za su ce na ɓoye shi. Ina zan kai Inna? Ina zan kai yaran?”

Lauya ma da muka same shi abin da ya faɗa ke nan, sai dai shi da turancinsa da share gumi. Ya ce a bari a gama shari'ar tukuna, in an wanke sunan, sai a san yadda za a yi. Na tambaye shi yaushe za a gama. Ya duba agogonsa ya ce yana da wani zama a sama.

Yaya ya ba Tsohon Gida ɗakin ajiya a bayan shago, tsakanin buhunan siminti. Ni na koma gida na tarar labari ya riga ni. Mata sun cika tsakar gida, ana ta barka da arziki, ana rungume ni, wata har da guɗa. Na ce jikinsa ne babu daɗi, yana wurin Yaya, likita ya hana a gan shi. Da bakina na faɗi maganar gandiroba, kalma da kalma. Babbar 'yata ta tambaye ni ko ta kai wa Abba shayi. Na ce ba yau ba. Na shiga banɗaki na kunna famfo, a nan na yi kukan da zan yi, ina toshe baki da zani kada masu taya ni murna su ji.

Bayan kwana biyu na je shagon na ce wa Tsohon Gida ya kai ni inda aka binne mijina. Ya ce bai taɓa gani ba, amma ya ji ana cewa bayan katangar gidan yarin ne, can ƙarshen maƙabartar gari, inda ake kai waɗanda ba a zo ɗauka ba. Muka tafi da rana tsaka, yana gaba ina biye, tazara a tsakaninmu.

Wurin fili ne mai ciyawa, babu bishiya ko ɗaya. An kakkafa 'yan guntayen kwano a kan sanduna, an rubuta sunaye da fenti, wasu ruwa ya wanke. Wani tsoho mai gadin wurin ya taso daga inuwar katanga yana jan fartanya.

“Wa kuke nema?”

Na buɗe baki zan faɗi sunan mijina, na tuna ba ya nan. A takarda yana raye, yana da zama ranar Litinin. Na juya na kalli Tsohon Gida. Ya faɗi sunansa na gaskiya, nasa da na mahaifinsa, a hankali, kamar wanda ya daɗe bai furta ba.

Tsohon ya kai mu layi na ƙarshe ya nuna da fartanya. Ƙasar ta riga ta zauna, ciyawa ta fara rufe ta. Kabarin gajere ne, daidai tsawon mijina. Tsohon Gida ya tsaya yana karanta sunansa a jikin kwanon, leɓɓansa suna motsi. Ni na durƙusa na dafa ƙasar, tana da zafi.

“Ikon Allah,” in ji tsohon. “An ce mini wannan ba shi da kowa. Baiwar Allah, me kike a wurinsa?”

Na ɗago na dube shi. Na tuna gidan Yaya.

“Ba komai,” na ce. “Rakiya na yi.”

“Kai fa?”

“Ɗaki ɗaya muka zauna,” in ji Tsohon Gida.

Mai gadin ya jingine fartanyarsa, ya kama hannun Tsohon Gida da hannu biyu, ya yi masa ta'aziyya mai tsawo, ya ce Allah ya ji ƙansa, ya ba shi haƙurin rashi. Da ya gama ya juyo ya ce mini in ɗan matsa, ina taka kabarin mutane.